Fure Uku a Bangon Gidan Burodi

Assalamu alaikum, 'yan uwana na wannan zaure. Ku gyara zama, maganar yau tana da ɗan tsawo, kuma ina rubuta ta ne ƙamshin na'ana'a bai gama barin hannuna ba.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Sana, shekaruna ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a wata firamare ta 'yan mata a unguwar Jadid, nan Sabha. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Babana, Malam Ramadan, amma kakata daga Damagaram ta zo, ta bar mana gadon abu biyu: Hausa a baki da taurin kai a jini. Larabci na waje ne. Da mun rufe ƙofar gida sai Hausa.

A gidanmu akwai marbu'a, wato ɗakin baƙi na maza, mai ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Duk Juma'a bayan la'asar, a nan kwamitin unguwa yake zama, don Baba ne magatakardansu. Tun ina shekara goma sha huɗu aikina shi ne shayi. Ba na shiga, ba na ko leƙawa. Ta tagar soro nake duba bakin ƙofar titi in ƙirga takalma, in san kofi nawa zan jera. Na san takalmin kowa fiye da yadda na san fuskarsa: wancan mai tanƙwararren dunduniya na liman ne, wancan da kullum yake kife na mai kantin taya ne. Sai in dafa na farko mai ɗaci da kumfa har rabin kofi, na biyu da na'ana'a, na uku da soyayyiyar gyaɗa. In ajiye faranti a ƙofar ciki, in ƙwanƙwasa sau biyu, hannun Baba ya fito ya ɗauka.

To, ƙofar katako ce, ba ta riƙe magana. Shekara goma sha uku ina jin yadda ake yanke hukuncin unguwarmu, ina fifita gawayi.

Abin da ya fi ci min rai maganar ruwa ce. Rijiyar burtsatse ɗaya ce ke ba layi shida ruwa, kwamiti ne ke raba awannin famfo. Layinmu da na bayanmu, mu ne na ƙarshe, an ba mu daga azahar zuwa la'asar, daidai lokacin da aka fi ɗauke wuta. Babu wuta, babu famfo. Maza ba su sani ba, ba kuma don mugunta ba: su dai suna tarar da buta cike a bakin ƙofa. Ba su ga jarkokin da Inna da maƙwabta suke jidowa daga layin farko da baro ba. Sau nawa na faɗa wa Baba, ya ce zai kawo maganar. Ina bayan ƙofa nake jin ya fara ta, sai wani ya sako zancen fitilar masallaci, shi ke nan an wuce.

Shi ya sa da baladiya, majalisar gari ke nan, ta ce bana kowane kwamitin unguwa zai samu kujerar mace ɗaya, kuma matan unguwa ne za su zaɓe ta, ban yi shawara da kowa ba sai da na rubuta sunana. Na sani, ban kyauta ba. Mu uku muka fito: ni, da Ghada ma'aikaciyar jinya, da matar Haroun mai kantin magani. Za a jefa ƙuri'a ranar Asabar ta mako mai zuwa a makarantarmu. Kuma saboda yawancin tsofaffinmu ba sa karatu, an ce kowace ta kawo hoton da za a sa kusa da sunanta a takardar ƙuri'a, ranar Alhamis ce ƙarshe.

Yanzu bari in kawo muku Zuhair, don na san shi kuke jira.

Zuhair yana da shagon buga takardu kusa da kasuwa, katin biki, allon shago, kalanda, duk shi ne. Can muka haɗu, na je buga takardun jarrabawa ya gyara min kuskure a tambaya ta bakwai, na ji haushi, na dawo washegari don in nuna masa ba kuskure ba ne, ashe kuskure ne. Dogo ne, ba ya da yawan magana, yatsunsa kullum da tabon tawada. An kawo gaisuwa, an sa rana, saura kwana talatin da biyar, bayan an gama sarar dabino a gonarsu ta Zighan. Lefe ma ya fara taruwa a ɗakin Inna, har da wata abaya ruwan zuma mai dutse a hannu da nake buɗewa in kalla in mayar. Ina son sa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina son sa sosai.

Da ya ji na tsaya takara, dariya ya yi, ya canza sunana a wayarsa zuwa Ra'isa, wato shugaba. Amma mahaifiyarsa, Hajiya Salha, ba ta yi dariya ba.

Hajiya mace ce mai kwarjini, gajeriya, kullum cikin farar farrashiya, lulluɓin tsofaffin nan, wadda take riƙewa da haƙori idan hannunta na da kaya. Uwarta Ba'agadasiya ce, don haka tana jin Hausa, tana yin ta da nauyin harshe. Gidanta yana layin farko, jikin rijiyar, ba ta san rashin ruwa ba. A gidansu kuma akwai al'ada: in biki ya rage kwana arba'in, amarya takan ɓuya, ba a ganin fuskarta a waje, don ranar da aka buɗe ta ta yi haske. Ta aiko wa Inna cewa ta yarje min zuwa makaranta, tunda aiki ne, in dai zan sa niƙabi a hanya. Amma fuskar matar ɗanta a liƙe a bango, kowane direba da ɗan dako yana kallo, rana tana dukanta, yara suna zana mata gashin baki, wannan kam ba da ita ba. In aka yi haka, sai dai a sake duba maganar ranar.

Kun san ma'anar a sake duba magana a bakin surukai.

Zuhair ne ya kawo mafita, yana murna kamar ya ci jarrabawa. Ya turo min saƙo:

"Ra'isa, na warware. Fure zan sa a madadin hotonki. Jan wardi, mai kyau. Sunanki a ƙasa da manyan baƙaƙe. Hajiya ta yarda."

Na rubuta: "Fure kuma?"

"Haka ake yi. Ba ke kika fara ba."

Gaskiyarsa, haka mata da yawa suke yi a nan in sun tsaya neman wani abu. Na kalli saƙon, na kalli akwatin lefe, na ce to. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na ce da babu gara ba daɗi.

Ranar Litinin aka liƙa. Ni ban fita na gani ba, daga makaranta gida, kaina a ƙasa kamar mutuniyar kirki. Ranar Talata da hantsi sai ga Gwaggo Djamila, maƙwabciyarmu ta layin baya, ta shigo aron turmi. Tsohuwa ce da ciwon gwiwa ya sa take tafiya tana jan ƙafa, kuma ita ce ta fi kowa zuga ni in fito, don jikokinta biyar a hannunta, wanki ba ya ƙare mata. Ta zauna a kan tabarma, ta karɓi dabino, ta daɗe tana juya ƙwallon a baki kafin ta ce:

"'Yar nan, wai fasawa kika yi?"

Na ce ban fasa ba, takarduna ma suna bango.

"To ni na je bangon gidan burodi na duba. Fure na gani guda uku. Na zaci mai turare ne ya buɗe sabon shago."

Inna ta sa mayafi ta rufe baki. Ni kam ban yi dariya ba, don na riga na gane abin da ya faru. Shagon buga takardu ɗaya ne a kusa, na Zuhair. Ghada ta je, mijinta ya ce a sa fure. Matar Haroun ta je, aka ce a sa fure. Shi kuma bawan Allah hoton wardi ɗaya ne a na'urarsa, wanda yake sa wa a katin biki, shi ya buga mana mu duka. Ja, da ɗigon raɓa a ganye na hagu. A ganinsa ai sunaye sun bambanta, ga su nan da manyan baƙaƙe. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai wanda baƙaƙe ba sa yi wa magana ba.

Gwaggo ta ce in a takardar ƙuri'a ma haka za a sa, to ita sai dai ta rufe ido ta dangwala, Allah ya ba mai rabo. Ta ce su goma sha ɗaya ne a layinsu da ba sa karatu, ta ƙirga min su da yatsu har da laƙabinsu. Ta ɗauki turmi ta tafi, ta bar ni da tagumi.

Ranar Laraba na ce sai na gani da idona. Na sa baƙar abaya, na ɗaura niƙabi, na ce wa Inna zan sayo burodi. Ta dube ni, don ta san akwai burodi a gida.

Bangon gidan burodi shi ne jaridar unguwarmu. Sanarwar rasuwa, cigiyar akuya, neman mai gini, duk a nan ake liƙawa. Na hango su tun daga nesa, a jere, wardi uku kamar 'yan uku. Sai kuma na hango farar farrashiya a gabansu. Hajiya Salha ce, da wata ƙawarta, kowace da ledar burodi. Na so in juya, amma ta riga ta gane ni. Tsofaffi ba sa buƙatar fuska, tafiyarki ta ishe su.

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe su. Ta amsa da sakin fuska, har ta kama hannuna ta ɗaga ni. Ta juya wajen ƙawarta, ta ɗora tafin hannunta a kan takardar tsakiya, tana shafa furen kamar kan jariri.

"Kin ga tamu," in ji ta. "Ɗana ne ya buga. Kin ga mutunci? Ba fuska, ba komai. Wannan za mu dangwala wa."

'Yan uwa, takardar Ghada ce.

Na san abin da ya kamata in yi. In yi murmushi a cikin niƙabi, in ce na gode Hajiya, in sayi burodina. Ba a gyara wa suruka magana a gaban ƙawarta, ko a Sabha ko a Damagaram. Amma na tuna da Gwaggo Djamila da mata goma sha ɗayan da ta ƙirga min, jinin kakata ya motsa, bakina ya riga hankalina.

"Hajiya, wannan ba ni ba ce. Tawa ce ta ƙarshe, can gefe."

Hannunta ya tsaya a kan furen. Ta dubi ta tsakiya, ta dubi ta gefe, ta koma ta dubi ta farko. Ta daɗe tana dubawa, ina ganin idonta yana neman abin da zai kama, bai samu ba. Ƙawar ta shiga gyaran ledarta. Sai Hajiya ta sauke hannu a hankali, ta ja farrashiya ta rufe rabin fuska, ta ce a gaida Inna, suka wuce.

Ban sayi burodin ba. Na dawo gida, kunya ce ta fi komai yawa a raina, don na ga abin da na yi wa tsohuwa. Shekara saba'in tana rufa wa kanta asirin rashin karatu, ni na yaye a bakin gidan burodi.

Kafin magariba labari ya iso wurin Baba, ta bakin mijin ƙawar. Ya kira ni tsakar gida. Baba ba mai faɗa ba ne, kuma da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. A hankali ya ce kujerar kwamiti ta shekara biyu ce, aure kuwa na rayuwa ne. Ya ce shi yana cikin kwamitin, duk abin da nake so a faɗa zai faɗa a madadina. Ya ce gobe Alhamis, in je in janye sunana, ya ɗauke ni mu je mu ba Hajiya haƙuri, magana ta mutu.

Na sunkuyar da kai na ce: "Baba, shekara nawa kake cewa za ka kawo maganar ruwa?"

Ya dubi jarkoki shida da ke jere a gindin bango, kamar ranar ya fara ganin su, ya tashi ya tafi masallaci.

Inna tana bakin murhu duk wannan lokaci. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", kuma ba ta shiga maganata a gaban mutane. Sai da Baba ya fita ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata ambulan ta ajiye kusa da ni, ta koma wajen tukunyarta. Na buɗe. Hotona ne na ranar da na gama kwalejin malamai, da shuɗin hijabi, ina ƙoƙarin kada in yi dariya. Ban san tana ajiye da shi ba. Na ce Inna, me zan yi da shi? Ta ce ita ba ta ce a yi komai ba, gyaran akwati take yi ta gan shi.

Na ɗauki hoton da waya, na tura wa Zuhair bayan sallar magariba. Ga yadda muka yi, ban rage komai ba:

"Wannan nake so a takardata."

"Sana, kin san abin da Hajiya ta ce."

Kun lura, Ra'isa ta tafi, Sana ta dawo.

"Na sani. Ka san furenka iri ɗaya ka buga mana mu uku?"

Ina kallon alamar yana rubutu tana ɓacewa tana dawowa.

"Sunaye daban ne ai."

"Hajiya ba ta ga sunaye ba. A kan takardar Ghada ta ɗora hannu ta ce ga tamu."

Da ya dawo, cewa ya yi shi bai taɓa lura ba. Ya ce tun yana yaro yake karanta mata takardun asibiti da na wuta, kullum takan ce ta manta tabaronta, shi kuma ya ɗauka tabarau ne. Wannan magana ta taɓa ni, har na ajiye wayar na share ido. Ya ce zai canza launi, nawa ya zama rawaya. Na ce in Ghada ma ta zo ta ce rawaya take so fa? Na ce Gwaggo Djamila ba launi take son zaɓa ba, mutum take son zaɓa, wadda in ruwa bai zo ba za ta san ƙofar da za ta buga.

Sai ya rubuta: "In na buga, kin san abin da zai iya biyo baya."

Na rubuta: "Na sani. Ba na so in rasa ka, Zuhair. Amma in na ɓuya tun kafin in zauna a kujerar, ban san ranar da zan fito ba."

Ya karanta, alama ta yi shuɗi, bai amsa ba.

Ranar Alhamis da safe na kai hoton ofishin shugabar makaranta, inda ake karɓar na takardar ƙuri'a. Matar da ke karɓa ta ciro ambulan ɗin da aka riga aka kawo da sunana, mai fure, ta tambaye ni wanne za a bari. Na ce mai fuskar. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in sa hannu. Sa hannun ya fito kamar na 'yar aji ɗaya. Daga nan na shiga aji na koyar da rabawa, ban san me na faɗa wa yaran ba.

Yinin ranar babu saƙo daga Zuhair. Na duba wayar ya fi sau hamsin. Har na kashe ta na kunna, wai ko ita ce ta lalace, kun san halinmu. Da la'asar na ga Baba ya ɗauki baro da jarkoki biyu ya nufi layin farko da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya dawo jallabiyarsa a jiƙe har gwiwa, yana haki, ya sauke ba tare da ya dubi kowa ba.

Yau Juma'a. Da azahar, bayan an sauko daga masallaci, wayata ta yi ƙara ina tsakiyar soya gyaɗar shayi.

"Na buga. Guda ɗari."

Kafin in sauke numfashi wani ya shigo.

"Ban liƙa ko ɗaya ba. Na farko na kai wa Hajiya, na ce ita za ta fara gani kafin titi ya gani."

Na rubuta da yatsu masu gishiri: "Me ta ce?"

"Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Sai ta tambaye ni yaushe kwamiti yake zama a gidanku. Yanzu ta ce in fito da mota."

Gyaɗar ta ƙone, sai da Inna ta zo ta sauke kaskon. Na nuna mata saƙon, na karanta mata. Ta yi salati a hankali, ta shiga ɗaki ta canza zane, ta shimfiɗa sabuwar darduma a falon mata, ta kunna turaren wuta. Ni kuma na tsaya a gaban akwatin lefe, ina tunanin ko yau za a zo a ɗauke shi. Na taɓa hannun abayar nan mai dutse, na rufe.

Aka yi la'asar, 'yan kwamiti suka fara isowa. Na leƙa ta tagar soro kamar kullum: takalma tara, ga na liman, ga kifaffen nan. Na jera kofi tara, na ɗora buta a gawayi, na fara ɗaga shayi ina zubawa daga sama don ya yi kumfa. Aikin ya ɗan kwantar min da hankali, hannu ya san hanyarsa ko da zuciya ba ta nan. Ta cikin ƙofa ina jin sun fara da maganar fitilar masallaci.

Sai na ji tsayuwar mota.

Ta ƙofar gida Hajiya ta shigo, da sallama, farrashiyarta fara ƙal, takarda a naɗe a hannunta na dama. Zuhair bai shigo ba, na hango shi tsaye jikin mota, hannuwa a aljihu, ya kasa ɗago kai. Inna ta tare ta da maraba, tana nuna mata falo da sabuwar darduma. Na durƙusa a inda nake, gefen gawayi, na gaishe ta.

Ta amsa gaisuwar Inna da kyau, ta tambayi gida da gajiya. Amma ba ta nufi falo ba. Ta tsaya a kaina, ta warware takardar, ta dubi hoton, ta dube ni, kamar mai gwada zane da zare. Fuskarta ba fushi, ba murmushi, na kasa karanta komai a ciki.

"Wannan kam na gane ta," in ji ta.

Ta naɗe takardar. Ta dubi jarkokin gindin bango, ta dubi faranti, ta tambaye ni kofi nawa ne. Na ce tara, Hajiya.

"Ƙaro biyu."

Ta juya wajen Inna ta ce ta yi haƙuri, yau ba wurinta ta zo ba, wurin Malam Ramadan ta zo, kuma maganar da ke tafe da ita ba ta bayan ƙofa ba ce. Ta taka zuwa ƙofar ciki ta marbu'a, wadda tun da aka gina gidan nan mace ba ta taɓa ƙetare ta ana zama ba. Ta ƙwanƙwasa sau biyu. Hannun Baba ya fito kamar kullum, a buɗe, yana jiran faranti. Da bai ji komai ba ya leƙo, ya ga wadda ke tsaye, ya ja da baya, muryoyin ciki suka ɗauke ɗif.

Hajiya ta zare takalmanta, ƙananan baƙaƙen silifa, ta jera su a bakin ƙofar. Ta waiwayo ta dube ni.

"Ɗauko shayin, binti, 'yata. Ba ajiyewa za ki yi ba, shigowa za ki yi da shi."

Ban san me za ta faɗa a ciki ba, ko ranar biki za ta ɗaga, ko wani abu ne daban. Na ƙara kofi biyu, na cika su har kumfa ta taso, na ɗauki faranti. Shekara goma sha uku ina ƙirga takalman mutane a ƙofar ɗakin nan. Na tsaya kusa da silifan Hajiya, na zare nawa.